Ku fito da yaran da aka ɓoye a ɗaka

Jama'a, akwai yara a ƙauyukanmu da ba sa fita wasa, ba a kai su makaranta, in baƙo ya yi sallama sai a tura su ƙuryar ɗaki. Cutar noma ce ta cinye musu kunci, ko leɓe, ko hanci. Wasu muƙamuƙinsu ya ƙage, cin tuwo ya gagare su, sai kunu ake ɗura musu da ƙyar. Su ma waɗanda Allah ya kuɓutar ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara goma da cutar ta kama, kusan tara ke mutuwa idan ba a yi magani ba.

Iyaye mata, ku nake fara kira. Daga dasashi cutar take farawa, galibi ga ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta rame, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Dasashi ya kumbura yana jini, baki ya yi ɗoyi, kunci ya tasa. A wannan gaɓar, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Amma sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi da shafe-shafe, alhali cikin 'yan kwanaki take huda fuska. Don Allah ku riƙa duba bakin 'ya'yanku, ku kai su rigakafin ƙyanda. Kun ga alama, ku nufi asibiti a ranar.

Wanda ta riga ta yi wa illa kuma yana da gata. Tun 1999 akwai asibitin yara masu cutar noma a Sakkwato, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tare da shi, ana tiyata kyauta. Sai an ciyar da yaro ya murmure tukuna, sannan likita ya ɗebo fata daga wani sashe na jikinsa ya rufe ramin, ya saki muƙamuƙin da ya ƙage. Wani sai an yi masa aiki fiye da sau ɗaya, a bi shi da gashi da motsa baki na watanni. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara.

A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. To, mu da muka kai ƙara, me muka yi a gida? Gwamnoninmu su ɗauki nauyin horar da likitocin tiyatar yara da masu ba da maganin barci, su riƙe su da albashin da zai hana su tafiya waje. Jami'o'inmu na Sakkwato da Kano da Zariya su shiga ƙauyuka su ƙirga yaran nan, su gano abin da ke sa ta kama wannan ta bar ɗan uwansa.

Malam liman, ka faɗa a huɗubar Juma'a. Mai unguwa, ka san gidajen, ka je ka yi magana da maigida cikin mutunci. Alhaji mai hali, sau da yawa kuɗin mota da na guzuri ne kawai ke hana uwa kai ɗanta Sakkwato. Ka biya mata.