Ra'ayinmu: A Koya Mana Sauya Kwalliyar Kwamfuta



A ɗakin kwamfuta akwai doka: kada a sauya komai sai abin da malam ya ce. Mun san dalilinta. Wasu da zarar sun zauna sai su saka hoton ɗan ƙwallo a fuskar kwamfuta, su mayar da rubutu ja a kan baƙi, wanda ya zo bayansu ya rasa inda zai danna. Wannan ɓarna ce. Amma a ganinmu hanawa gaba ɗaya ba ita ce mafita ba.

Kwalliyar kwamfuta, wadda ake ce wa tim, kamar riga take. Tana sauya launuka da hoton baya da siffar kibiyar linzami, amma aikin manhaja yana nan yadda yake. Ko fari ne Microsoft Word ko baƙi, Ctrl da S ne ke adana aikinka.

Dalilinmu na farko shi ne ido. A kowane aji akwai masu zama a gaba don ba sa ganin allo sosai. A ɗakin kwamfuta kuma mutum uku kan haɗu a kan na'ura ɗaya, na gefe sai leƙe. Alhali Windows ta zo da maganin wannan kyauta. Idan aka danna Alt da Shift na hagu tare da Print Screen, za ta tambaya ko a kunna launuka masu fito da rubutu ɓaro-ɓaro. Maɓallin Windows da alamar tarawa kuma suna ƙara girman komai. Ga mai raunin gani wannan ba ado ba ne. Shi ne zai sa ya bi darasi maimakon ya zauna yana kallon wasu.

Na biyu, jarrabawa. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma fuskar da za mu tarar a can ba irin ta ɗakinmu ba ce. Ɗalibin da fuska ɗaya kawai ya sani, da ya ga wata sai ya rikice. Wanda ya saba sauyawa kuwa ya san riga ce kawai ta bambanta.

Masu cewa baƙar fuska na rage cin wuta, su sani a allon OLED na wasu wayoyi ne hakan ke faruwa. Yawancin allunan kwamfutar tebur suna da fitila a baya, kuma tana nan a kunne ko wane launi aka zaɓa.

Don haka muna roƙon abu huɗu:

1. A ware darasi ɗaya a koya mana sauya kwalliya da mayar da ita.
2. A tsaya ga kwalliyar da ta zo da kwamfutar. Ban da ta filash ko wadda aka sauko daga intanet, don tana iya zuwa da bairos. Rigakafi ya fi magani.
3. Duk wanda ya sauya, ya mayar kafin ya tashi.
4. A ware kwamfuta ɗaya mai manyan haruffa don masu raunin gani.

Malamanmu, ku gwada mu zango ɗaya. 'Yan uwa, idan aka ba mu dama kada mu ba da kunya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.