Na'urar kashe ciwon daji da zafi: ba ta fi tsada ce ta fi amfani ba

Duk mai buga wasa a waya ya san lokacin da bayanta ke ɗaukar zafi, hoto ya fara sarƙewa. Ba lalacewa ta yi ba. Akwai ɗan ma'aunin zafi a cikinta da ke sanar da manhaja cewa abu ya yi yawa, ita kuma sai ta rage gudun aiki don kada kayan ciki su ƙone. Wannan dabarar ta aunawa da rage wuta, wadda ake yi wa wayar dubu ɗari, ita ce har yau ke ba injiniyoyin na'urorin maganin ciwon daji da zafi wahala.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1891 wani likitan tiyata a birnin New York, William Coley, ya fara yi wa masu ciwon daji allurar ƙwayoyin cuta da gangan don zazzaɓi mai zafi ya kama su, kuma ƙarin wasu ya ragu. A yau an fi danganta abin da ya gani da farkawar garkuwar jiki, amma tambayar da ya bari ta ci gaba da yawo: me zafi ke yi wa ƙari?

Amsar ta rabu gida biyu. Akwai ɗumamawa, inda ake kai wurin da ƙarin yake digiri 40 zuwa 43 a ma'aunin Salshiyas na kusan awa guda. Wannan ba ya kashe ƙarin shi kaɗai. Yana ƙara gudun jini da iskar oksijin a wurin, yana kuma hana ƙwayoyin dajin gyara raunin da aka yi musu, don haka gashin radiyeshan ko maganin kemo ya fi kama su. Sai kuma ƙonawa kai tsaye, inda ake wuce digiri 60 da allura mai fitar da igiyar rediyo ko ta maikirowef, ko da sautin da aka tattara wuri guda, naman ya mutu nan take. Ana yin haka ga ƙananan ƙari a hanta da ƙoda.

Shaida kuwa akwai ta. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a mujallar Lancet a 2000, ya kwatanta matan da ke da sankarar bakin mahaifa da ta yi nisa. Cikin waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, kashi 27 cikin ɗari ne suka kai shekara uku a raye. Waɗanda aka haɗa musu da ɗumamawa, kashi 51. Da wani kamfanin magani ne ya fito da ƙwaya mai irin wannan sakamako, da duniya ta ji.

To me ya sa yawancin asibitocin duniya ba su da na'urar? Saboda samar da zafi ba shi ne aikin ba, ko murhun gawayi yana yi. Aikin shi ne a kai zafin can cikin ƙugu ba tare da an toya fata da kitsen da ke hanya ba, a kuma san digiri nawa ya kai. Na'urar BSD-2000, da aka ƙera a jihar Utah ta Amurka, tana kewaye majiyyaci da eriya masu watsa igiyar da ke kusa da zangon rediyon FM, ana daidaita su don ƙarfinsu ya haɗu a kan ƙarin, da jakar ruwa tsakanin eriyar da fata. Amma jiki ba tukunya ba ne. Da zarar wuri ya ɗumama, jini ya ƙaru ya kwashe zafin, kuma yadda yake kwashewa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, har daga minti zuwa minti.

Kuskuren digiri ɗaya ba ƙarami ba ne a nan. Lissafin da masana ke amfani da shi tun 1984 ya nuna cewa a ƙasa da digiri 43, duk digiri ɗaya da aka rasa sai an ninka lokacin sau huɗu kafin a samu tasiri iri ɗaya. Ke nan ana iya kwantar da mara lafiya awa guda, na'ura na ƙara, allo na haske, alhali ƙarin bai ji komai ba. Shi ya sa ci gaban gaske a wannan fanni yake wajen ma'aunai, da auna zafi ta hoton MRI, da manhajar da ke zana jikin mutum a kwamfuta ta hango inda zafi zai taru kafin a kunna. Aikin masu rubuta manhaja ne tsantsa, amma ba irin wanda ake saki da kuskure a gyara a sabuntawa ta gaba ba. Na'urar gashi ta Therac-25 ta zuba wa mutane radiyeshan fiye da kima sau shida tsakanin 1985 da 1987 saboda kurakuran manhaja, wasu suka mutu.

Masu zuba jari kuwa sun fi son abin da ke ƙyalli. Kamfanin MagForce na Jamus ya fito da dabarar zuba mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, a ɗumama su da maganaɗisu daga waje. Ya samu izinin Turai a 2010, jaridu suka yi ta yayatawa. A 2022 kamfanin ya shigar da takardar karyewa.

A gefe guda akwai wata na'ura da ba ta fi na'urar busar da gashi girma ba, mai aiki da batirin da ake caji. Ana ɗumama kanta zuwa digiri 100, a ɗora a bakin mahaifa na daƙiƙa 20 zuwa 40, ta ƙone ƙwayoyin da suka fara sauyawa kafin su zama daji. Asalinta na'urar da likitan Jamus Kurt Semm ya ƙera ce a shekarun 1960. Abin da injiniyoyin baya-bayan nan suka yi shi ne cire ta daga jikin soket su mayar da ita ta hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar amfani da wannan hanya a 2019, kuma ungozoma ko ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya yi. Hanyar da aka saba da ita a da ita ce daskarar da wurin da iskar gas, wadda ke buƙatar tukunya mai nauyi da sai an yi ta cikowa. Wanda ya san halin ƙaramin asibitin ƙauye ya san inda tukunyar ke ƙarewa: a lungu, babu komai ciki.

A nan ne lissafin ya fito fili. Sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kusan 350,000 a duniya a 2022, kusan kashi 94 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A Najeriya an ƙiyasta sabbin kamuwa 12,000 da mutuwa 8,000 a 2020. Ƙasar ta fara rigakafin HPV ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, amma rigakafin ba zai warkar da iyayensu da yayyensu da suka riga suka kamu da ƙwayar ba. Su gwaji suke buƙata, da magani a ranar da aka gano, kafin kuɗin mota ya hana su dawowa.

Gaskiya ne, ƙaramar na'urar ba ta maganin dajin da ya riga ya kafu. Wannan sai tiyata, gashi da kemo, kuma a nan ne babbar na'urar ke da gurbi. Sai dai ɗumamawa ƙari ce a kan gashi, kuma a ƙasar da majiyyaci ke tsallaka jihohi yana neman injin gashin da ke aiki, sayen na'urar da ke taimaka wa gashi sa keke ne gaban doki. Kuɗin ya fi amfani a na'urorin hannu, da horar da ungozomomi, da manhajar waya mai sauƙi da za ta riƙe sunan wadda aka yi wa aiki ta tuna mata ranar komawa, ko da babu intanet.

Wani abu kuma da ya kamata mai waya ya lura: tallan tabarmar zafi, bel mai jan haske da ɗakin gumi da ke yawo a TikTok da WhatsApp da sunan maganin daji ba su da alaƙa da duk abin da aka bayyana a sama. Suna ɗumama fata, jini ya kwashe zafin, ƙarin da ke ciki yana nan yana girma. Duk mai sayar da irin wannan, a tambaye shi digiri nawa na'urarsa ke kaiwa a cikin ƙarin, da kuma abin da ya auna da shi.