Raddi ga Masu Cewa Gawo Ba Ya Ciyar da Gari

Wata magana ta samu gindin zama a majalisun bayan la'asar na Nassarawa GRA, inda tsofaffin manyan ma'aikata da attajirai masu gonaki a Kura da Bunkure da Dambatta suke haɗuwa. Masu ita suna cewa noman raya ƙasa, wato barin itatuwa a gona da zuba takin gida da haɗa hatsi da wake, surutun ƙungiyoyin Turawa ne; wai ba abin da zai ciyar da Kano sai tarakta da buhun kamfa da fili tas babu kututture. Da yake masu faɗin ba jahilai ba ne, sun cancanci a amsa musu dalla-dalla.

Da'awarsu ta farko ita ce baƙon abu ne. Wannan ta fi kowacce rauni. Tun shekarun 1960 wani masani Bature, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya tarar ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ga cunkoson jama'a, amma ƙasar ba ta mutu ba. A lokacin jakuna suna shigo da itace birni, su koma da mangalar taki da toka. Harawar wake da ta gyaɗa ta tafi wa tumaki, kashinsu ya dawo gona. Bature bai koya wa kowa wannan ba. Rubutawa kawai ya yi.

Ta biyu, sun ce itace yana kashe shuka da inuwa. Wane itace? Gawo da damina yake kaɗe ganye, daidai lokacin da gero ke son rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Duk manomin tudu ya san inda zangarniya ta fi kauri a gonarsa.

In kuma ana son hujja babba, a tsallaka Maraɗi, inda ruwan sama bai kai na Kano ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda dashen da yake yi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa lokacin sharar gona toho ne na tsofaffin kututture masu rai da saiwa mai zurfi. Sai aka fara sassaben zamani: a zaɓi toho mai ƙarfi a bari, a rage sauran. Ba rainon iri, ba ban-ruwa. Bayan farin 1984 abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, musamman da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A nuna mana shirin dashe na gwamnati da ya kusanci haka.

Ta uku, suna kawo Siri Lanka, wadda ta hana shigo da takin zamani a 2021, noman shinkafa da shayi ya faɗi, ta janye hanin kafin shekarar ta ƙare. Gaskiya ne, amma wa ya ce a hana? Shinkafar Kadawa tana buƙatar yuriya, ba mai musu.

Maganar ita ce ina takin yake zuwa bayan an zuba. Ƙasar tudu mai rairayi, in an kwashe kara an ƙone saura, ba abin da zai riƙe ruwa ko sinadari. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya wanke rabin kuɗin Alhaji, sannan ƙuduji ya samu wurin zama. Cibiyar ICRISAT ta gwada a Nijar cewa ɗan taki cikin murfin kwalba a ramin shuka yana ɗaga amfanin gero sosai, kuma ya fi aiki in ya tarar da takin gida. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin buhu a 2022, aka kuma cire tallafin fetur a 2023, ƙaramin manomi ba shi da halin watsa taki a kan ƙasar da ba ta riƙewa.

Akwai hujjar da ba su kawo ba, ita ce kuma mai nauyi. Gawo yana ɗaukar shekaru kafin ya biya, da yawa daga gonakin mutanen GRA kuwa a hannun 'yan haya ko masu gadi suke, mai gona yana noma ta waya. Wanda bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba, don me zai bar toho? Gyaran wannan yana hannun masu majalisar: a ba da haya ta shekaru da yawa, a rubuta a takarda cewa reshen da aka rage da 'ya'yan itacen na mai noma ne.