Boeing 737 MAX: gaggawa ce ta kayar da jirgin tun a ofis

Jama'a, duk wanda ya taɓa hawa Ethiopian Airlines daga Yamai ya san kamfanin ba na wasa ba ne. Amma ranar 10 ga Maris 2019, sabon jirginsu ƙirar Boeing 737 MAX ya tashi daga Addis Ababa za shi Nairobi, minti shida ya yi a sama ya faɗo, mutum 157 suka rasu. Ba a cika wata biyar ba da irinsa ya faɗa teku a Indunusiya da mutum 189.

Mu dai a ganinmu, tun wurin tsara aikin aka ɓata. A ƙarshen 2010 Airbus ya sanar da A320neo mai tsimin mai. Boeing ya ji tsoron rasa kasuwa, maimakon ya ƙera sabon jirgi sai ya ɗora wa tsohon 737 manyan injina. Jirgin gajeren ƙafa gare shi, dole aka tura injinan gaba, aka ɗaga su sama. Hakan ya sa hancinsa ke neman ɗagawa a wani yanayi. Sai aka saka manhaja mai suna MCAS da ke danne hancin da kanta, tana dogaro da na'ura guda tak. In na'urar ta yi ƙarya fa? Shi ke nan.

Abin haushin, ba a bayyana wa matuƙa wannan manhaja ba. Shugabannin aikin sun riga sun yi wa masu saye alkawarin cewa matuƙa ba za su koma dogon horo ba, don horo kuɗi ne da lokaci. Alkawarin ɗan kasuwa ya zamo shi ke jan injiniya da hanci.

Ku dubi Toyota, masu Hilux ɗin nan da ke cin yashin hanyar Agadas. A masana'antarsu, ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala yana da ikon jan igiya, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya. Wa ke da irin wannan igiya a aikin MAX?

Lokacin da Boeing ya so tsimi, ya biya shi ninki: wata 20 jiragen na ajiye a Amurka, a 2021 ya amince ya biya dala biliyan 2.5, horon nan da aka guje wa kuma aka wajabta shi.