Taimakon masana da laftof ɗin ɗalibi: iya ruwa fidda kai

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Tun da wasu suka ga allon laftof ɗina a ɗakin karatu ake ta tambaya ta: wace manhaja ce wannan, kuma nawa ake samu? To ba a samun ko sisi. Sunanta BOINC, an ƙirƙiro ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka a 2002. Masu bincike suna da lissafin da ya fi ƙarfin kwamfutocinsu, sai su yayyanka shi ƙanana su raba wa 'yan sa-kai a duniya. Kwamfutarka ta karɓi nata kason ta intanet, ta lissafa, ta mayar da amsa. Shi ke nan.

Kuma ba wasan yara ba ne. Rosetta@home, mai nazarin siffar sinadaran furotin, daga ɗakin binciken David Baker na Jami'ar Washington ta fito, mutumin da ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024. A ƙarƙashin World Community Grid an fara wani aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro a 2011, sannan a 2019 masanan jami'ar Delft ta ƙasar Holan suka fara aikin kwaikwayon saukar ruwan sama a Afirka kudu da Sahara, don inganta hasashen da manoma ke buƙata. Ni ɗan manomi ne. Da na ga wannan ban yi wata-wata ba na shiga.

Ra'ayina shi ne mu shiga, amma kada wanda ya kunna manhajar nan bai fara yanka mata iyakar ram ba. Ni na koya ne da wahala.

Laftof ɗina na hannu ne, yayana ya sayar da buhunan masara ya saya min da zan shiga aji uku. Ram ɗinsa giga 8, ma'ajinsa kuma tsohon faifan nan mai juyawa. Na sa BOINC na bar ta yadda ta zo, har ma na ƙara da kunna zaɓin da ke barin ayyuka a cikin ram ko an dakatar da su, don na ji an ce maki ya fi taruwa. Eh, akwai maki, kuma akwai jerin gwanaye. Ba ya sayen ko ruwan leda, amma wallahi yana shiga rai.

Daren da zan kai wa malamina babi na huɗu da safe, na buɗe Word, da Chrome mai shafuka sun fi goma, da fayilolin da nake ɗauko bayanai. Na ɗan juya ina duba gyaran da ya yi min da jan biro a takarda. Da na dawo, linzami ya ƙi motsi. Fanka tana ta huci, faifai yana ƙara, allo ya daskare. Na jira, na jira, ƙarshe dai na danne maɓallin kashewa. Wani ɓangare na gyaran da na yi a daren ya tafi. Na kwana ina sake bugawa, kuma ba wanda zan zarga sai kaina.

Daga baya na gano abin da ya faru. Ram ɗin nan da muke tambaya idan za mu sayi waya, kamar teburin karatu yake, ma'aji kuma kamar akwatin da ke ƙarƙashin gado. Abin da kake aiki da shi yanzu yana kan tebur. Idan tebur ya cika, kwamfuta sai ta riƙa kwashe wasu kayan tana cusawa a akwati, in ka nema ta sake zaro su. Wannan kai-komon shi ne daskarewar da muke gani, kuma a faifai mai juyawa abin ya fi muni.

Ita kuwa BOINC, yadda take zuwa, an ba ta izinin cin rabin ram idan kana aiki, da kashi 90 cikin 100 idan ba ka aiki. Tambayar ita ce, mene ne "ba ka aiki" a wajenta? Minti 3 ba ka taɓa linzami ko madannai ba. Wato ka tsaya karanta takarda, ko ka fita ɗebo ruwa, ita a ganinta ka tashi. A giga 8, kashi 90 ya haura giga 7. Ga shi tana ɗora aiki ɗaya a kan kowane kan furosesa, kuma wasu ayyukan Rosetta kan ci giga 1 kowanne, wani lokaci ma fiye. Windows kanta tana da nata kason. To ina babi na huɗu zai zauna? Akwati.

Ga abin da na yi, kuma shi nake ba kowa shawara. Duk a cikin saitin manhajar suke, ba sai ka iya rubuta furogiram ba.

Na farko, iyakar ram. Na mayar da ta lokacin aiki kashi 25, ta lokacin hutu kashi 50. Mai giga 4 kuwa, gaskiya ka bar manyan ayyuka ga masu manyan kwamfutoci, ka nemi marasa nauyi, ko ka haƙura sai ka ƙara ram.

Na biyu, rage yawan kawunan furosesa zuwa rabi. Wannan ya fi komai tasiri, domin ayyuka biyu a lokaci guda ba za su ci abin da huɗu za su ci ba. Zafi ma ya ragu, ku kun san zafin ɗakunanmu idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya.

Na uku, kashe zaɓin barin ayyuka a ram bayan an dakatar da su. Akwai 'yar asara a nan: aikin zai koma ne daga wurin da ya yi ajiya ta ƙarshe, ba daga inda ya tsaya ba. Asarar 'yan mintunan lissafi ta fi min sauƙi a kan asarar darena.

Na huɗu, a tabbatar tana tsayawa idan laftof yana kan batir, a kuma sa mata iyakar data. Wasu ayyukan fayilolinsu manya ne, mu kuma da kuɗin abinci muke sayen data.

Na biyar, kada ka tara ayyukan kwanaki da yawa. Kowane aiki yana da wa'adi, in ya wuce sai a tura wa wani. Makon jarabawa ko na kare furojet, akwai maɓallin hana karɓar sabon aiki. Danna shi, ka bar na hannu su ƙare.

Bayan haka ka buɗe Task Manager ka zuba ido na kwana biyu. In ram yana yawan haura kashi 80, ƙara ragewa. In kuma ka ga manhajar ta rubuta cewa wani aiki yana jiran ram, kada ka tsorata, ba lalacewa ba ce. Iyakar da ka sa ce take aiki.

Na san akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce. Wani abokina ya ce min, "Malam, Turawa masu wuta awa 24 su yi mana. Kai da ke yawo da caja kana neman soket, me ya kai ka?" Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Laftof ɗin ɗalibi jari ne, wasunmu in ya mutu ba mai sake saya musu. Wanda ya ce ba zai shiga ba, bai yi laifi ba. Sai dai ni ban yarda mu riƙa zama 'yan kallo kullum ba, alhali zazzaɓin da ake bincike a kai mu yake kwantarwa, ruwan da ake lissafawa gonakinmu yake sauka.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa rage saiti rowa ce, a sake mata mara ta ci yadda take so. Su ma ban bi su ba. Kwamfutar da ke daskarewa ana kashe ta da ƙarfi, ayyukanta kan lalace ko su wuce wa'adi, masanan ba su amfana ba, kai ma ka yi asara. Kuma wanda manhaja ta ɓata wa dare ɗaya, washegari goge ta zai yi gaba ɗaya. Ayyuka biyu da ke kammaluwa kullum har shekara sun fi takwas na mako guda. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abu na ƙarshe, don na ji wani yana shirin haka: kada ka sa ta a kwamfutar da ba taka ba. Ba ta ɗakin kwamfutocin sashe ba, ba ta abokin ɗakinka da ya ba ka aro ba, sai da izinin mai ita. Ba a kyauta da kayan wani.

Yanzu wata na biyar ke nan da na gyara saitin. Makina yana tafiya a hankali, an wuce ni a jerin gwanaye, amma laftof bai sake daskarewa ba, babi na biyar ma ya shiga hannun malam. Duk wanda yake son a duba masa saitinsa, ya same ni bayan lacca da laftof ɗinsa a cike da caji. Minti goma ya isa.

Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya mayar da mu gida lafiya.