Hayaƙin da ba a gani a gonakin arewacin Zamfara

Idan ana maganar ɗumamar yanayi, hankalin jama'a yakan koma ga masana'antu da motoci. Amma ƙasar noma ma tana fitar da nata kason, kuma alamu na nuna kason zai ƙaru.

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon dayoksaid a sararin sama ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Yanzu ta haura 420. Idan ta yawaita, shuka takan tsuke ƙofofin ganyenta, ta rage shan ruwa, sai ƙasa ta daɗe da danshi, saiwoyi kuma su ƙara ciyar da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa. Wani nazari da mujallar Nature ta wallafa a 2011 ya gano cewa hakan na ƙara fitar iskar naitiros oksaid daga ƙasar tudu da kusan kashi 19 cikin ɗari, da iskar mitan daga gonakin shinkafa da kusan kashi 43. Ita naitiros oksaid ta ninka kabon dayoksaid wajen riƙe zafi sau 273 cikin shekara ɗari.

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, batun ya shafi aljihu. Manomin dawa da gero da ya watsa yuriya a saman jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani ɓangare na kuɗinsa iska yake bi. Mai shinkafa a fadamar kogin Gagare da ya bar ruwa kwance tsawon damina kuwa, mitan yake haifarwa. Asarar taki takan rage amfanin gona, ƙarshenta kuma ta bayyana a farashin tiya a kasuwar Alhamis ta Shinkafi, da kwanon ma'aikacin da ke jiran albashi.

Maganin ba ya buƙatar injina masu tsada: a binne taki kusa da gindin shuka, a raba shi kashi biyu ko uku, a haɗa da takin gargajiya, a riƙa tsane gonar shinkafa lokaci-lokaci. Matsalar ita ce wanda zai kai wannan ilimi, domin 'yan bindiga sun hana manoma da malaman gona shiga gonaki da dama a yankin.

A taron Glasgow na 2021, Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Cika alkawarin a Zamfara zai fara ne da tsaron hanyar gona, da mayar da malaman gona ƙauyuka kafin faɗuwar damina.