Da Mutuncin Wa Ake Ba Mu Dariya?

Daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoban 2025 aka yi bikin barkwanci a Riyad, babban birnin Saudiyya, inda aka gayyato fitattun masu ba da dariya na Amurka irin su Dave Chappelle da Kevin Hart. Tun daga lokacin ɗalibai ke tare ni bayan karatu da tambaya guda: Malam, tun da an yi a can, ashe ke nan ya halatta? Nakan ce musu aikin wata gwamnati ba hujja ba ne a shari'a, ko da kuwa Makka da Madina na cikin ƙasarta. Sai dai tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, domin abin ya iso gare mu. Mutum ɗaya ya riƙe makirufo yana ba taro dariya, a biya shi ko a yi masa liƙi, wannan ya zama sana'a a ɗakunan taro na birnin Sakkwato, kuma ya biyo hanyar Jega ya sauka a bukukuwan Boɗinga da Shagari.

Asalin raha halas ne. Manzon Allah (SAW) ya yi raha, bai kuwa faɗi face gaskiya ba. A cikin sahabbansa akwai Nu'aiman ɗan Amr, wanda ya halarci Badar, aka kuma san shi da ba Annabi dariya. Malamai sun gindaya sharuɗɗa. Kada a yi ƙarya, saboda hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito mai tsoratar da wanda ke ƙirƙira ƙarya don mutane su yi dariya, kodayake an yi saɓani game da labarin da kowa ya san ƙagagge ne, kuma ni ina ganin akwai yalwa a nan. Kada a yi izgili da addini, kamar yadda aya ta 65 da ta 66 na Suratut Tauba suka nuna. Wannan kam jama'armu ba sa wasa da shi.

Sharaɗin da muka yi sakaci da shi yana aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana wasu mutane yi wa wasu ba'a, ta hana aibatawa da jifa da munanan laƙabi. Kwanakin baya na halarci wata walimar aure a yankin Boɗinga. Mai gabatarwa ya shafe kusan rabin sa'a a kan abu biyu: yadda Bafulatanin ruga ke Hausa, da yadda mai i'ina ke neman aure. Wurin ya ɗauki sowa. A gefen rumfa kuwa ga wata dattijuwa da ƙwaryar nononta, ta sunkuyar da kai tana gyara faifai. Babu wanda ya yi mata magana, amma da ita aka ci abincin daren nan. Ni ma ban ce komai ba, kuma har yau shirun nan yana damuna.

Za a ce ai wasan taubasantaka tsohon abu ne a ƙasar Hausa: Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarbawa. Gaskiya ne, kuma ya kashe wutar faɗa da yawa. Amma a wancan wasa kowa na da baki. Ka tsokane ni, in rama, mu rabu muna dariya. A kan dandamali makirufo ɗaya ne, wanda ake yi da shi ba shi da damar ramawa, ga kuma wayoyi a sama suna ɗauka, kafin gari ya waye abin ya zaga TikTok da WhatsApp. Sannan lokacin ma ya sauya. Ta'addancin 'yan bindiga ya ɗaiɗaita gabashin jihar nan, ya kai ga wasu ƙauyukan Shagari, har wasu sun fara yi wa duk wani Bafulatani kuɗin goro. Yaron da ya tashi yana jin ana kwaikwayon makiyayi a matsayin wawa yau, ɓarawo gobe, wane darasi muke so ya ɗauka game da maƙwabcinsa na kasuwa? A garuruwan da Hausawa da Fulani suka cakuɗu ta aure da sahun salla, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Abin lura shi ne wanda hukuma ke karewa. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro wata biyu. Tuhumar ta shafi rajista da dokar tace fina-finai, amma jama'a da yawa sun alaƙanta ɗaurin da shaguɓen da ake ganin ya yi wa gwamnan lokacin. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyon barkwanci da ya taɓa Gwamna Ganduje. Ba na goyon bayan cin mutuncin shugaba. Amma ayar Hujurat ba ta ware mai mulki ba. Mutuncin makaho da gurgu da bazawara da baƙauye daidai yake da na gwamna a wurin Allah, sai dai su ba su da lauya. Hasali ma shaguɓe ga mai iko, idan gaskiya ne, ya fi kusa da nasiha a kan ba'a ga wanda ba shi da kowa.

Ba yau aka fara muhawarar nishaɗi a wannan ƙasa ba. Zamanin da Shehu Usmanu ke zaune a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yanzu, shi da ƙanensa Malam Abdullahi sun saɓa a kan wasu mas'aloli har da ta kiɗa, Shehu ya fi sassauci. Da littafi suka amsa wa juna, da hujja. Ina fatan Hisbar Sakkwato, da gwamnatin Ahmad Aliyu ta farfaɗo da ita, za ta bi wannan tafarki: ta zauna da masu sana'ar ta bayyana musu iyaka kafin ta kai ga kame. Yawancinsu matasa ne masu basira da ke neman na tuwo, kuma tsadar rayuwa da halinmu na yau da kullum kaɗai sun ishe su abin ba da dariya shekara guda ba tare da an taɓa kowa ba.

Nauyi mafi girma yana kan mai biki, domin shi ke ɗaukar mai gabatarwa, shi ke biya. Idan ana cinikin kuɗi, a yi cinikin sharaɗi: ban da ƙabila, ban da nakasa, ban da kiran sunan wani bako ko baƙuwa a ci fuskarsu. Wani magidanci a masallacinmu ya gwada haka a auren 'yarsa, ya riƙe rabin kuɗin sai an tashi. Mai gabatarwar ya koma kan kansa, ya ba da labarin yadda ya sha wuya wajen haɗa lefe, mutane suka yi dariya har da hawaye, aka cika masa kuɗinsa.